Baƙin gajimare mai haihuwar taurari

Da kaka, in babu farin wata, ku fita bayan garin Mai Yara ku ɗaga kai. Za ku ga wata farar hanya ta taurari ta ratsa sama. A tsakiyarta akwai wani baƙin wuri, kamar an tsaga zane. Ko rami ne?

A'a, ba rami ba ne. Gajimare ne na iska da ƙura, can nesa tsakanin taurari. Yana ɓoye taurarin da ke bayansa, kamar yadda hazo ke ɓoye rana lokacin ɗari. A shekarar 1919 wani masani na Amurka, Barnard, ya fitar da jerin irin waɗannan gajimarai guda 182.

Wannan gajimare ba ya kawo ruwa. Mafi yawansa iska ce mara nauyi, mai suna haidirojin. Ƙura kashi 1 ce cikin 100. Sanyinsa ya kai digiri 260 ƙasa da sifiri.

Cikinsa ana wata irin kokawa. Ɗan kokawa na farko shi ne ƙarfin ja, wanda ke sa dutse ya faɗo ƙasa in kun jefa shi sama. Shi yana jawo kome zuwa tsakiya. Na biyu shi ne ɗumi. Ko da kaɗan ne, yana sa iskar ta yi motsi, tana turawa waje. In ƙarfinsu ya zo ɗaya, babu kaye: gajimaren ya zauna yadda yake, shekaru da yawa.

To, yaushe ake kaye? A 1902 wani masanin lissafi na Ingila, Jeans, ya ba da amsa. In gajimare ya tara kaya da yawa a ƙaramin wuri, kuma ya yi sanyi ƙwarai, ƙarfin ja ne ke yin nasara. Wani lokaci wani babban tauraro ne ke fashewa kusa, ya matse gajimaren. Sai ya fara ruftawa cikin kansa.

Kun taɓa hura tayar keke? Ku taɓa pampon, za ku ji zafi. Iskar da aka matse zafi take yi. Haka tsakiyar gajimaren ke ta ƙara zafi. In ta kai wajen digiri miliyan 10, sai haidirojin ya fara haɗewa, yana ba da haske. An haifi tauraro ke nan.

Kaza da ƴaƴanta, da ke fitowa gabas da dare a kaka, daga gajimare guda suka fito, wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Ranarmu ma tauraro ce. An haife ta ta wannan hanya, shekara miliyan 4.600 da suka wuce. Sauran ƙurar ta dunƙule, ta zama duniyarmu. Ƙasar da muke shuka hatsi cikinta, da ranar da ke nunar da shi, duk daga baƙin gajimare suke.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba mu ganin taurari a baƙin wurin?
2. Su wa ke kokawa cikin gajimaren?
3. Ku fita da dare tare da babbanku, ku nemi baƙin wurin, ku zana shi cikin kaye naku.