Dutsen Zagami: Baƙon Da Ya Zo Katsina Daga Duniyar Mars

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Zagami, cikin ƙasar Faskari, kudu da Safana da Batsari, sai ya ji ƙara kamar ta aradu. Wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo wajen ƙafa 10 daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa kamar ƙafa 2. Daga baya aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna.

Da masana suka yanko shi suka duba, sai suka tarar irin dutsen da aman wuta ke haifarwa ne, wanda ya daskare shekara wajen miliyan 180 da suka wuce. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu kuwa shi ne, wani farin ma'adini da ke cikinsa ya rikiɗa ya zama gilashi ba tare da ya narke ba. Wannan ba ya faruwa sai da bugu mai tsananin gaske, watau irin karon da ya fizge dutsen daga mahaifarsa ya wurga shi sararin samaniya kimanin shekara miliyan 3 baya.

To, ina ce mahaifar? A 1995 aka auna iskar da ta maƙale cikin ƙananan ɗigon gilashin da karon ya bari, aka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Har ila yau an gano wani sabon ma'adini a cikinsa, aka laƙaba masa suna zagamiite don tunawa da ƙauyen.

Abin takaici, babban kaso na dutsen ya bar ƙasar nan, ana sayar da gutsattsarinsa da giram a Turai da Amurka. Irin waɗannan duwatsu sun fi daɗewa a busasshiyar ƙasa, shi ya sa ake yawan tsintarsu a Sahara. A Batsari da Safana kuwa damina kan lalata su da wuri. Saboda haka malamin gona ko ɗalibin da ya ga dutse mai baƙin ɓawo kamar an babbake shi, kada ya wanke ko ya fasa. Ya rubuta wurin da ranar, ya sanar da Sashen Nazarin Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.