Indiyanci a kunnen ɗan kasuwa: kalmomin da suka fi daɗin ji

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai a zamanin gidajen silima da kaset-kaset na bidiyo, da wuya a ce bai riƙe kalma biyar ko goma ta Indiyanci ba, ko da kuwa bai san ma'anarsu ba. Tun wajen shekarun 1950 ne ƴan kasuwa mutanen Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya, daga nan abin ya game ƙasar Hausa baki ɗaya. Mata na daka suna rera waƙa, yaron shago na awon shinkafa yana rerawa, babu wanda ya shiga aji don koyo. To, me ya sa waɗannan kalmomi ke zama a kunnenmu haka? Amsar ita ce da yawa daga cikinsu dangin kalmominmu ne, wasu kuma daga kasuwa suka fito, irin wadda muke wuni cikinta.

Abin da muke kira Indiyanci a gaskiya suna biyu gare shi, Hindi da Urdu. A bakin talaka na birnin Delhi ko Lahore kusan magana guda ce, mai sayen tumatir da mai sayarwa ba su buƙatar tafinta. A rubutu ne suke rabuwa. Ana rubuta Hindi daga hagu zuwa dama da baƙaƙen Debanagari, waɗanda ke rataye a jikin layi kamar shanya a igiya, kuma idan ana son babbar kalma sai a ɗebo ta daga tsohon harshen Sanskirit. Urdu kuwa daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, kamar ajaminmu, manyan kalmominsa daga Farisanci da Larabci suke. Sunan Urdu kansa daga Turkanci ya zo, ma'anarsa sansanin mayaƙa. Bayan rabuwar ƙasa a shekara ta 1947, Pakistan ta ɗauki Urdu harshen ƙasa, amma a Indiya ma ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 50 ne suka ce shi ne harshen uwarsu.

Ta wannan ƙofa ta Larabci ce dangantakar ta shigo. Idan jarumi ya ce duniya, babu Bahaushen da zai nemi fassara. Idan ya ce barkat, albarka yake nufi. Amanat ita ce amana, niyat niyya, nasib nasibi, shauƙ shauƙi. Wasu kuwa sun ɗan ɓad da kama, sai an kasa kunne. Su suna cewa hisab, mu muna cewa lissafi. Suna cewa kitab, muna cewa littafi. Khabar labari, waƙt lokaci, ƙalam alƙalami. Mu mun haɗiye kalmar Larabci tare da "al" ɗinta, su sun ɗauke ta tsurarta. Kalma ɗaya ta bar ƙasar Larabawa, rabinta ya bi ayari ya ƙetara Sahara, rabi ya bi ta Farisa ya sauka Delhi, sai ga su sun haɗu a zauren kallo bayan shekaru ɗaruruwa.

A cikin wannan dangi, in za a tambaye ni, sukun ce ta fi kowace daɗi. Ku ja wasalin ƙarshe ku ji, sukuun, kamar mai sauke kaya daga ka. Su suna nufin kwanciyar hankali, mu kuma muna da sukuni, irin wanda mai rumfa ke samu bayan la'asar idan ciniki ya yi kyau kuma babu mai bin ta bashi. Sai dai a yi hattara, don ba kullum dangi ke zama da hali guda ba. Izzat a bakinsu mutunci ne da daraja, abin da mutum ke mutuwa don karewa a fim, alhali izza a bakinmu ta fi kusa da isa da ɗaga kai. Daulat kuma a bakinsu galibi dukiya ce, ba sarauta ba.

Mu shiga kasuwa. Kalmar ciniki ita ce sauda, kamar sunan matan nan namu, ɗan kasuwa kuma saudagar. Abin mamaki, a waƙoƙin Urdu akwai wata sauda, lafazi guda, wadda ke nufin haukan da so ke sa mutum. Ta ciniki daga Farisanci take, ta hauka daga kalmar Larabci mai nufin baƙi, domin likitocin dā sun ɗauka wani baƙin ruwa ne a jiki ke kawo tunani da zautuwa. Mawaƙa sun daɗe suna wasa da wannan karo, har wani babban mawaƙi na ƙarni na 18, Mirza Rafi, ya ɗauki Sauda sunan waƙarsa. Duk wadda ta taɓa zuba jarinta kaf a kan atamfar da ta burge ta, ta san cewa ciniki da hauka ba su da nisa da juna. Masu dogon tunani za su tuna fim ɗin Saudagar na 1973, inda Amitabh Bachchan ya fito a mai tallan mazarƙwaila, wadda suke kira gur, ya auri bazawarar da ke dafa masa ita don ya tara sadakin wata budurwa, ya sake ta, sannan ya gane cewa hannunta ne jarinsa.

Akwai kuma bohni, cinikin farko na safiya. A kasuwanninsu ba a son ba da bashi kafin a yi bohni, wasu har sumbatar kuɗin suke yi ko su taɓa shi a goshi, kuma mai kaya kan sassauta wa mai sayen farko don kada ya tafi hannu banza ya ɓata masa wuni. Wanda ke zuwa sarin kaya Mumbai ko Surat, ko yake ciniki da Indiyawan Dubai, ya riƙe wannan: sammako na da riba. Farashi mol ne, tayi da ja-in-ja mol-bhaw, bashi udhar. Idan aka ɗora "an" a gaban mol sai ta koma anmol, abin da ya wuce a yi masa kuɗi. Dubi yadda kalmar awo ta zama kalmar so da gaɓa ɗaya tak. Uwa na kiran ɗanta anmol, kuma Mehboob Khan, wanda ya yi Mother India a 1957, ya riga ya yi wani fim mai suna Anmol Ghadi a 1946.

Kasuwar da ta fi suna a tsohon birnin Delhi kuwa, sunanta kaɗai waƙa ne: Candni Cauk, wato dandalin farin wata. Mace ce ta tsara ta wajen shekara ta 1650, Jahanara, ɗiyar sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. An ce a lokacin akwai tafki a tsakiyarta da magudanar ruwa, wata na haskawa a ciki da dare, sunan ke nan. Tafkin ya daɗe da ɓacewa, yau cunkoso ne da hayaniya irin ta Katako ranar da kaya suka sauka, amma sunan na nan. A kusa da ita akwai Khari Baoli inda ake sarin kayan yaji, da Kinari Bazar ta masu kayan adon bakin zane, da Dariba ta maƙeran azurfa. Cand wata ne, candni haskensa, kuma shi ne sunan fim ɗin Sridevi na 1989.

Masu sayar da humra da turaren wuta, ga naku. Ƙamshi khushbu ne, kalma biyu ta Farisanci aka haɗa, khush mai daɗi, bu wari. Icen sandal da kuke jiƙawa candan suke ce masa. Amma kalmar da ta fi ba ni sha'awa ita ce saundhi, wadda ake amfani da ita wajen bayyana ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka a kanta. Mu da ke jiran damina wata takwas mun san wannan ƙamshi fiye da kowa, amma sai mun yi jimla guda kafin mu faɗe shi, su kuwa kalma ɗaya ta ishe su. Ba su tsaya nan ba, sai da suka sa shi a kwalba. A garin Kannauj na jihar Uttar Pradesh, wanda ya shahara da turare tun zamanin sarakuna, ana zuba gasasshen yumɓu cikin tukunyar tagulla da ruwa, a liƙe bakinta da laka, a hura wuta a ƙasa, tururin ya bi ta cikin gora ya sauka a wata tukunya mai man sandal. Abin da ya fito shi ne mitti attar, turaren ƙasa. Mitti ƙasa ce.

Kayan kwalliya ba sai an daɗe a kansu ba, sunayensu na kaɗawa kamar kayan da kansu: curi awarwaro, jhumka ƴan kunne masu lilo, payal sarƙar ƙafa, kajal kwalli, mehndi lalle, resham alharini, makhmal karammiski. Wadda ta cancanci a tsaya mata ita ce ancal, wato bakin zanen sari da mace ke yafawa a kafaɗa. Da shi take rufe jariri idan tana ba shi nono, da shi take share masa hawaye, a gefensa take ƙulle kuɗi da makulli. Don haka idan suka ce yaro na ƙarƙashin ancal ɗin uwarsa, suna nufin yana cikin kariyarta. Matan da ke ƙulle cinikin wuni a haɓar zane ba su buƙatar a yi musu bayani.

Kalmomin so kuwa, nan ne kasuwarsu ta fi cika. Pyar ita ce ta kowa da kowa, prem ta ɓangaren Sanskirit, mohabbat ƴar uwar muhibbarmu, ishƙ kuma ita ce mai zafi, wadda sufaye ke amfani da ita ga begen Ubangiji. Dil zuciya ce, jan rai, intizar jira, shabnam raɓa, wato damshin dare. Har hanta ba su bari ba. Jigar ce, kuma iyaye na kiran ɗa yankin hantarsu, kamar yadda mu ke cewa wane da wane hanta da jini ne. Ba banza waƙoƙin finafinai suka cika da irin waɗannan ba, domin yawancin manyan marubutansu mawaƙan Urdu ne tun asali, irin su Sahir Ludhianvi, Shakeel Badayuni da Majrooh Sultanpuri. Ita kanta Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ƴar yankin masu harshen Marathi ce. Tana yarinya Dilip Kumar ya yi mata shaguɓe a kan lafazinta na Urdu, sai ta nemi malami ta zauna ta koya, har ta zama abin misali wajen fitar da kowane baƙi daga mafitarsa.

To amma a can gida waɗannan kalmomi ba su zauna lafiya ba. Akwai masu ganin Urdu harshen Musulmi ne, baƙo, su fi son a ce dhanyabad maimakon shukriya, a ce jiwan maimakon zindagi, a ce mitra maimakon dost. Rigimar ta taɓa kasuwa kai tsaye. A watan Oktoba na 2021, gab da bikin Diwali, kamfanin tufafi na Fabindia ya fitar da tallan sabbin kaya da sunan Urdu, Jashn-e-Riwaaz, wato bikin al'ada. Nan take wasu ƴan siyasa na jam'iyyar BJP suka yi kira a ƙaurace wa kayansa, kamfanin ya janye tallan. Kalma uku suka jawo wa mai shago wannan. Sannan a garin Patur na jihar Maharashtra wata tsohuwar kansila ta kai ƙara tana neman a goge rubutun Urdu daga allon ginin hukumar gari. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ranar 15 ga Afrilu 2025 ta yi watsi da ƙarar, ta ce a Indiya aka haifi Urdu, kuma harshe na al'umma ne, ba na addini ba. A ɗaya gefen, tun 2015 ake yin bikin Jashn-e-Rekhta a Delhi, inda dubban matasa, da yawansu Hindu, ke taruwa don sauraren waƙar Urdu, ko da ba su iya karanta baƙaƙensa ba.

A nan wajenmu kuma wani abu ne daban ke cinye su. Tun da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shiga fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, kallo ya yi sauƙi, tsohuwa da yaro kowa na bin labari, kuma ban ga laifin haka ba. Sai dai yaran yanzu muryar mai fassara suke ji, Indiyancin sai a waƙa kawai. Iyayensu da suka kalli Sholay na 1975 sau goma ba tare da fassara ba sun fi su riƙe kalmomi nesa ba kusa ba.

Akwai kalma ɗaya da ko mai fassara sai ya natsu kafin ya juya ta, ita ce kal. Gajera ce, mai daɗin faɗi, amma tana nufin jiya, tana kuma nufin gobe, sai aikatau ɗin da ya biyo baya ne ke rarrabewa. Haka ma parson, shekaranjiya ce kuma jibi ce. Idan abokin cinikinka na Mumbai ya ce maka kuɗinka kal, saurari ƙarshen jimlar da kyau, ka ji ko ya riga ya aiko ne ko kuwa sai ka ƙara jira.