ƊIGON GAS A INJIN BABBAR MOTA: A GYARA TUN KAFIN KAKA

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi aikin manomi ba ya ƙarewa ran da ya kai amfani gida. Sai masara da dawa da waken soya da auduga sun hau mota sun isa kasuwa, sa'an nan ya ga ladan guminsa. A da, bayan da hanyar jirgi ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, jirgi ke ɗaukar kaya masu nauyi. Yanzu kuwa aikin ya koma wuyan manyan motoci masu shan gas, waɗanda ke kai da kawowa tsakanin Ɗandume, da Bakori, da Kafur, da Ɗanja, su miƙe Zariya ko Dawanau ta Kano.

To, gas ɗin nan ya yi tsada. Cikin shekarar 2022 kaɗai kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Duk da haka sau da yawa in aka buɗe gaban mota sai a tarar da injin jiƙe sharkaf, ƙura ta manne masa, direba kuwa ya ce ba kome, ɗan gumi ne. Alhali ɗigo ɗaya kowane sakan ya kan tara lita guda ko fiye cikin tafiyar awa goma. Mai mota ba ya yarda ya ɗauki hasarar shi kaɗai, kan kuɗin dakon buhu ya ke ɗora ta. Da yayyafi kogi kan cika.

YADDA MAI KE TAFIYA

Gas ya kan taso daga tanki, ya bi ta matata, ya shiga babban famfo. Famfon ya tura shi da ƙarfi ta cikin bututan ƙarfe zuwa nozul, watau bakin da ke fesa mai cikin injin. A tsofaffin motoci ƙarfin turin nan ya fi na iskar tayar babbar mota sau ashirin. A sababbi masu aiki da kwamfuta ya kan ninka na tsofaffin wajen sau goma.

Amma ba duk man da ya isa nozul ke ƙonewa ba. Kaɗan daga ciki ya kan zagaye allurar da ke cikin nozul don ta yi santsi ta kuma huce, sa'an nan ya fita ta wani siririn tiyo wanda ya bi kan nozul ɗaya bayan ɗaya, ya koma tanki. Wannan tiyo na mayar da mai yana cikin mafi arahar kayan injin, shi ne kuma aka fi rainawa.

INDA YA KE ƊIGA

Na farko, tiyon nan. Zafi da tsufa su kan busar da shi ya tsattsage. Da rana mai ya fita, da dare iska ta shiga, gas ya sulale ya koma baya. Shi ya sa wata mota ba ta tashi da asuba sai an tara samarin gari sun tura.

Na biyu, bututun ƙarfe. In maƙalar da ke riƙe shi ta faɗi, girgizar hanya ta kan tsaga shi daf da noti.

Na uku, zoben jan ƙarfe da nozul ke zaune a kai. In ya ci, sai a ji injin yana huci fus, fus, a ga wani baƙin abu kamar kwalta yana taruwa a gindin nozul.

Na huɗu shi ya fi muni, don ba a ganinsa. Akwai injunan da bututun mayar da mai ke ƙarƙashin murfin kan injin. In ya ɗiga, cikin baƙin mai ya ke zuba. Direban da ya zaro sandar awo ya ga baƙin mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gas, kada ya yi murna. Ya kashe mota nan take, in ba haka ba injin ya buga. Haka kuma nozul da ya ci, yana zubar da mai maimakon fesawa, ya kan kawo hayaƙi da ƙwanƙwasa, har ya ƙona kan fistin.

GYARA

A wanke injin, a bar shi ya bushe, sa'an nan a tayar a duba inda jiƙa ta fara daga sama. In tiyo ne, a sake shi duka, kada a yanke bakin a mayar, don sauran ma ya mutu. Lalle ya zama tiyon mai, na ruwa ba ya jimre wa gas. Ɗaure shi da robar tayar keke dabarar isa gari ce, ba gyara ba. Toshe shi kuwa ɓarna ce, don man da ya rasa hanya sai ya fasa wani wuri.

Bututun ƙarfe in ya tsage ba a yi masa walda. A sayo irinsa, mai tsawo ɗaya da kauri ɗaya, a mayar da maƙalarsa. Zoben jan ƙarfe sau ɗaya a ke ɗaure shi, in an kwance a sa sabo, a goge mazauninsa tas. Noti kuma a ɗaure daidai, ba a hau shi da ƙarfin tsiya. Nozul da a ke tuhuma a kai shi wurin masu na'urar gwaji su ga feshinsa. Duk bakin da aka buɗe a rufe shi da leda mai tsabta, don ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta ɓata allura. In an gama a fitar da iska da famfon hannu.

GARGAƊI

Kada karen mota ko makanike ya lalubi ɗigo da yatsa injin yana aiki. Gas mai fita da irin wannan ƙarfi ya kan huda fata ya shige nama. Ramin bai fi na allura ba, amma ya kan jawo a yanke yatsa. A kara guntun kwali a gani. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita gas ne ya shiga. Sababbin motoci kuwa ba a sassauta musu bututu sai an kashe injin an dakata.

Manomi da ɗan kasuwa su ma da nasu. Kafin a yi lodi su leƙa ƙarƙashin mota inda ta kwana, su ja hanci. Gas mai ɗiga kan ƙarfe mai zafi, ga auduga danƙare a baya, ba abin wasa ba ne. Motar da ta mutu a daji da tumatirin Ɗanja kuwa, kafin makanike ya iso kaya ya ruɓe. Mai mota ya duba ta tun hatsi na gona, lokacin da gareji ba cunkoso. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, amin.