Sharuɗɗan Keɓe Wutar Unguwa Idan Ta Gari Ta Ɗauke

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai tsanani ta auka wa ƙasar Japan, wutar lantarki ta ɗauke a birnin Sendai. Jami'ar Tohoku Fukushi kuwa tana da injuna biyu masu aiki da gas, ƙarfin kowanne kilowat 350. Da fari su ma sun tsaya. Kashegari aka tashe su, wayoyin jami'ar suna rabe da na gari, suka riƙa ba asibiti wuta har ta gari ta komo ranar 14 ga wata. Masana suna kiran wannan hali tsibiri, watau yanki mai wuta tsakiyar duhu. Amfaninsa a fili yake, amma ba ya inganta sai da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, rabuwa sarai. In ba a yanke hanya ba, wutar injin takan bi waya ta koma baya, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta halaka ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta. Saboda haka ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa ƙa'ida a 2003, cewa injin da ya keɓu ba da nufi ba, lalle ya daina ba layin wuta cikin daƙiƙa 2.

Na biyu shi ne mafi ɓoyuwa. Idan wayoyi suka haɗu a kan wutar gari, wuta takan kwararo ninkin ba ninkin, nan take fis ya ƙone, ya yanke ta. Ƙaramin inji ba shi da wannan ƙarfi, na'urar hasken rana kuwa da ƙyar take ninka nata sau biyu. Sai fis ya yi shiru, waya tana zafi, har gobara ta tashi. Sikelin buhun gyaɗa ba ya jin nauyin miskali. Maganinsa a ba na'urar tsaro awo biyu, ɗaya na wutar gari, ɗaya na tsibiri, a kuma yi wa tsibirin tasa wayar ƙasa.

Na uku, kada kaya su fi ƙarfin inji. Bugun wuta a Sendai sau 50 ne a daƙiƙa, kamar na Nijeriya da Nijar. In kaya sun yi yawa, bugun ya ragu, sai a sauke marasa muhimmanci, a bar asibiti.

Na huɗu, komowa. Ba a haɗa tsibiri da wutar gari sai ƙarfinsu da bugunsu da takunsu sun zo daidai, in ba haka ba inji ya lalace.

Attajirin da ya ajiye janareto a kanti, sharaɗin farko yana wuyansa. Ya sa makunnin canji mai raba wutarsa da ta gari, domin ran wani yana bisa wannan waya.