Ganye Mai Ɗaci da Wake: Dabarar Girki Daga Kudancin Indiya

Duk wanda ya bi ta kasuwar Katako ko ta Wadata da hantsi, ya ga mata zaune gaban manyan kwanonin ganye. Ga zogale, wanda wasu ke kira tamaka. Ga tafasa, ga gasaya, ga ƴaɗiya. Mu mutanen Yamai ma'abota cin ganye ne. Zabarmawa su ce kopto, mu mu ce kwaɗo. A kwaɗa shi da ƙuliƙuli da albasa da barkono, ko a zuba shi cikin dambu. Da azumi kuwa, zogale har tsada yake yi.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna, wato yadda muke dafa ganyen. Uwargida ta tafasa shi, ta tsiyaye ruwan, ta zubar. In gasaya ce, sai ta sake ruwa har sau biyu. Wata ma ta jefa kanwa. Daga nan ta matse shi da hannu. Ɗaci ya tafi, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya tafi ba. Akwai sinadaran da ke narkewa cikin ruwa, kamar bitamin C da wasu daga dangin bitamin B. Da yawansu sun bi rariya tare da ɗacin. Kanwa kuma tana ƙara kashe abin da ya rage.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Kwaɗo abincin manya ne. Yaro ɗan wata takwas ba ya iya tauna shi, ga kuma yaji. Saboda haka sai a bar shi da kunu ko fura kaɗai. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai samu abin gini ba. Ta wannan ƙofa tamowa ke shiga gida, alhali ga ganye da wake ajiye a cikin gidan.

Yadda suke yi a can

Ƙasar Indiya tana da nisa, amma ba baƙuwarmu ba ce a harkar noma. Asalin zogale daga can yake. Cibiyar binciken noma ta Sadore, kudu da Yamai, reshe ce ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972, hedkwatarta kuma tana kusa da birnin Haidarabad na Indiya. Irin zogalen nan mai saurin girma da ake kira PKM-1, wanda cibiyar ta yaɗa wa masu lambu a Nijar, a jihar Tamil Nadu aka fitar da shi a 1989.

Mutanen kudancin Indiya su ma suna cin ganye mai ɗaci. Suna cin ganyen zogale, suna cin ganyen hulba, wadda mu ƴaƴanta kawai muka sani. Har yakuwa suna ci, suna kiranta gongura. Amma su a cikin wake suke dafa ganyen. Suna da ƙananan wake iri-iri da ake ɓarewa a raba biyu, ana kiransu dal. Wanda suka fi amfani da shi shi ne waken turawa. Sai su dafa shi ya yi lugub, su zuba ganye a ciki, ya nuna tare da shi. Ba a zubar da ruwan. A Tamil Nadu ana kiran wannan girki kutu, a yankin Haidarabad kuwa a ce pappu. Da shinkafa suke ci.

To ina ɗacin yake zuwa? Yana nan, sai dai an yi masa linzami. Kaurin wake yana rufe shi. Ɗan tsami na tsamiya yana karya shi. Daga ƙarshe sai a soya kayan yaji cikin mai a kwarara a kai, ƙamshi ya mamaye tukunya.

Mu ba sai mun nemi wakensu ba. A duniya duka, in an cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake. Abin mamaki, mun fi ɗaukarsa kayan sayarwa bisa ga abincin ƴaƴanmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, irin wanda muke nema a nama.

Yadda za mu yi a nan

A samu wake cikin gwangwanin tumatir babba ɗaya. A jiƙa shi, a surfa, a wanke dusar, kamar za a yi ƙosai. Waken da aka cire wa fata yana saurin nuna, ba ya bukatar kanwa, kuma ba ya cin itace da yawa. Duk mai cefane a Yamai ya san kuɗin itace. A dafa shi da ruwa gwangwani uku har ya narke, a burga shi da maburgi.

A tsinke ganye cikin hannu huɗu, a wanke shi tun kafin a yanka. A zuba cikin waken, a sa gishiri, a rufe tukunya. Ɗanyen zogale ba ya bukatar fiye da minti goma zuwa goma sha biyar. In busasshe ne, a jiƙa shi tukuna, kuma zai ɗan ƙara lokaci. In ganye ya yi laushi, a tace ruwan tsamiya kaɗan a zuba.

A nan sai a ɗebi rabon yaro, kafin yaji ya shiga. A sa masa ƙaramin cokali na man gyaɗa, a dama sosai ya yi laushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya sha nono zalla har wata shida. Daga nan a fara ba shi abinci mai laushi, ana ci gaba da shayar da shi.

Sauran kuma na manya. A ɗora man gyaɗa cokali biyu a ƙaramin kasko, a soya albasa da tafarnuwa da barkono har su yi ja, a juye cikin tukunya. A ci da tuwo, ko shinkafa, ko dambu.

Kada a raina man nan. Bitamin A da ke cikin ganye, mai kare ido da jikin yaro, sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa da kyau. Wake da ganye kuma suna da sinadarin ƙarfe, wanda mai ciki da mai shayarwa ke bukata don kauce wa ƙarancin jini. In akwai lemon tsami, a matsa a kwano, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi. Maigida ya yi haƙuri, ya bar butar shayinsa sai bayan awa guda da cin abinci.

Gasaya ta fi zogale ɗaci nesa ba kusa ba. Da na gwada ta a gida, yara sun ture kwano. Sai muka koma hannu ɗaya na gasaya, hannu uku na zogale, suka cinye. Wanda bai saba ba ya fara da haka.

Wannan dabara ba ta kowane abu mai ɗaci ba ce. Anza, da mutane suka dogara da ita a yunwar 2005, ɗacinta mai cutarwa ne. Dole a jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa, kamar yadda iyayenmu ke yi. Ganyen dajin da ba a sani ba kuma, kada a sa shi a tukunyar yara.

Mai ɗan fili a tsakar gida ya shuka zogale biyu ko uku kusa da inda ake alwala. In ya kai tsawon ƙirjin mutum, a datse kansa don ya yi rassa. Sai a kewaye shi da ƙaya, domin akuya ta fi kowa sonsa.