Lamba 4,294,967,297: Siffofinta, Rukuninta da Yadda Ake Faɗarta da Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana siffofin lamba 4,294,967,297 da rukunan da masana lissafi suka sanya ta, sannan a duba matsalar da faɗarta ke haifarwa a Hausa.

2.0 Asalinta

Idan aka jera 2 har guda 32, aka yi sau ɗinsu, aka ƙara 1, wannan lamba ce za ta fito. Ita ce ta shida a jerin da ake dangantawa da Pierre de Fermat na Faransa. Biyar na farko su ne 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda ake samu ta jera 2 guda 1, 2, 4, 8 da 16. Kowace daga cikinsu ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, wato rukunin da za a kira "gagara-rabo" a nan. Ganin haka, a 1640 Fermat ya yi hasashen cewa duk jerin haka yake. A 1732 Leonhard Euler ya rushe hasashen, inda ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 shi ke ba da lambar.

3.0 Rukunanta

Na farko, mara ce ba cika ba, domin ta ƙare da 7. Na biyu, jimillar alƙalumanta goma 59 ce, saboda haka 3 ba ta raba ta. Na uku, haɗaɗɗiya ce daga gagara-rabo biyu kacal. Na huɗu, gajiyayyiya ce, domin 1 da 641 da 6,700,417 idan aka tara su 6,701,059 ne, sun gaza ta nesa ba kusa ba. Har yau ba a gano wata gagara-rabo a jerin ba bayan 65,537.

4.0 Faɗarta da Hausa

Ana karanta ta: biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. A nan harshen damo ya ɓullo. Tun da Hausa tana gabatar da "dubu" kafin adadinta, kuma "da" ce kaɗai mahaɗi a wannan lamba, "dubu ɗari tara da sittin da bakwai" na iya nufin 967,000 ko 900,067. Masu magana kan maimaita "dubu" ko su dakata, amma rubutu ba ya nuna dakatawar.

5.0 Kammalawa

Hausa tana da "mara" da "cika" tun fil azal, amma sauran rukunan suna jiran daidaitattun sunaye. Ya kamata masana harshe su tsayar da ƙa'idar rubuta manyan lambobi, domin a lissafi kuskuren alƙalami ɗaya yakan sauya rukunin lamba baki ɗaya.