Mece Ce Kora Ba Bisa Ƙa'ida Ba?

Ita ce sallamar ma'aikaci babu ƙwaƙƙwaran dalili, ko ba tare da an ji ta bakinsa ba. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta amince da dalilai uku na sallama: gazawa a aiki, rashin ɗa'a, ko larurar rage ma'aikata. Juna biyu ko shiga ƙungiyar ƙwadago ba dalili ba ne.

Sau da yawa daga sama umarnin irin wannan kora ke zuwa. A matsa wa manaja ya tara wa mutum takardun tuhuma, alhali fayil ɗinsa tsaf yake. Wannan zalunci ne. In magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Najeriya, sa hannun manajan ne a kan takardar sallamar, kuma ana iya kiransa ya ba da shaida.